Tarwaɗar da Baba Ya Ƙi Sayarwa

Mahaifina ya yi aiki a wani kamfanin jima a Challawa tun kafin a haife ni. Na tashi na san shi da warin fata, irin wanda sabulu ba ya fitarwa, da kuma wani baƙin keke da yake hawa idan zai tafi aiki. Shekarar da kamfanin ya rage ma'aikata yana cikin waɗanda aka sallama. Ya dawo gida da rana tsaka, ya jingine keken a zaure, ya ce wa Inna ta ba shi ruwa. Bai ƙara tayar da maganar ba, mu ma ba mu tambaye shi ba.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, ina haya a Zawaciki da matata da 'yarmu. Duk ranar da ba ni da aiki nakan hau A Daidaita Sahu in je ƙauyenmu in gaishe su. Muna da 'yar gonar gado a bayan gari, ta gangara zuwa fadama, ba nisa da kogi. Baffa, ƙanen Baba, shi yake noma ta duk tsawon shekarun da Baba yake kamfani. Da aka sallami Baba sai suka raba ta cikin mutunci. Baffa ya so ya bar masa tudun, inda dawa take yin kyau, amma Baba ya ce shi gangaren yake so, wurin da laka take kama ƙafa.

Wata ranar hutu na je ban same shi a gida ba. Inna ta ce in duba gona, ta faɗa tana kallon wani wuri daban. Na iske shi cikin rami har ƙugu, da diga da shebur, ya jiƙe sharkaf da gumi.

Na ce, "Sannunku da aiki, Baba. Rijiya kuke haƙawa?"

Ya ce, "Kifi zan zuba."

Na tsaya ina kallonsa. Baba ba ya cin kifi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru cikin warin fata, ƙarnin kifi ne ba ya iya jurewa, har Inna ta ware tukunya daban don ranar da muka yi marmari. Bai taɓa riƙe ƙugiya ba, bai taɓa kiwon ko kaza ba. Na tambaye shi inda ya samo wannan tunani. Ya ce wani abokin aikinsa, mutumin Maraɗi, shi ya riƙa ba shi labarin yadda ake yi idan sun zauna cin abinci. Na ce to mu neme shi ya zo ya duba ramin. Ya ce ai ya koma ƙasarsu tuntuni, kuma shi ma ba taɓa yi ya yi ba, gani ya yi a wajen wani.

Sai na tuɓe riga na shiga ramin na karɓi shebur.

Da sanyi ya wuce muka je wajen wani mai ƙyanƙyasar kifi a hanyar Panshekara. Ya zuba mana 'ya'yan tarwaɗa a jarkar da aka yanke wa baki, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Ni na rungumo jarkar a cinyata cikin A Daidaita Sahu, ruwa yana fallatsa mini duk inda muka faɗa ramin hanya. Kafin mu taso mai ƙyanƙyasar ya ja wa Baba kunne. Ya ce, "Malam, kafin damina ta kankama ku sayar. Idan suka kai wani girma, ci kawai za su yi ta yi, ba za ku ga amfaninsa ba." Baba ya gyaɗa kai, har ya maimaita maganar da bakinsa.

A watannin farko duk wanda ya ga Baba sai ya ce an dace. Yana fita bayan sallar asuba kamar yadda ya saba fita kamfani, ya watsa musu abinci, ya zauna. Da yamma ya koma. Ya shimfiɗa raga a saman ramin saboda zalɓe, ya kewaye gefen da ƙaya saboda guza. Idan ruwan ya yi kore ya fara wari sai ya ari injin ban-ruwan Baffa ya zuƙe shi ya zuba sabo daga rijiyar fadama. Tsohon ruwan kuma a kwararar da shi cikin alayyafon Baffa, wanda ya yi ganye fato-fato har masu wucewa suna tambayar irin takin da ya sa. Kifayen suka girma. Idan ya watsa abinci sai ruwan ya hautsine, ka ga baƙaƙen kawuna da gashin baki suna ture juna. Ni kaina na fara jin daɗin zuwa.

Da lokacin sayarwa ya yi, Baffa ya nemo wata Hajiya mai sana'ar banda, wadda take sayen kifi ta ƙyafe ta kai kasuwa. Na nemi izini a wurin aiki don in taya su jan taru. Ta zo da hantsi da sikelinta da manyan bahuna. Suka gaisa da Baba sosai, ya ba ta wurin zama a inuwar darbejiya. Baffa ya sa koma ya ɗebo 'yan kaɗan don ta gani. Ta ɗaga ɗaya ta juya shi, ta ce masha Allah.

Sai Baba ya ce, "Mayar da su. Ba su kai ba."

Hajiya ta yi dariya, tana tsammanin salon ciniki ne. Ta ce, "Malam, ai waɗannan sun ma so su wuce abin da nake nema. Na banda ba a son ya cika girma. Ku faɗi abin da kuke so mu daidaita."

Ya ce, "Ba maganar kuɗi ba ce, Hajiya. Ba su kai ba ne. Ku yi haƙuri, an wahalar da ku."

Ta dubi Baffa, Baffa ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Haka ta kwashe bahunanta ta tafi.

Na ɗauka manya yake so ya sayar, don akwai masu gidajen abinci a cikin gari da suke neman manya. Bayan 'yan makonni na kawo ɗaya daga cikinsu da kaina. Mutumin ya ga kifin ya yaba, bai ko yi ƙorafi ba. Baba ya ba shi amsar da ya ba Hajiya, ya raka shi har bakin hanya yana ba shi haƙuri.

Daga nan kowa a gidan ya zama mai fassara. Baffa ya ce kasuwa yake jira, tunda an yi layya nama ya cika gari, kifi ya faɗi. Amma naman layya ya ƙare, kifi ya tashi, Baba bai motsa ba. Inna ta ce ba kasuwa ba ce. Ta ce mutum ne da bai taɓa wayar gari ba shi da wurin zuwa ba, idan aka kwashe kifin ina zai dosa da asuba? Na ce ai sai a zuba wasu. Ta ce ita ma ta faɗa masa haka, ya ce ya ji. Matata kuwa, da ta ga ina sayen buhun abincin kifi kafin buhun shinkafarmu a duk ƙarshen wata, ta ce mini a hankali, "Anya ba za ku kai Baba asibiti a duba shi ba? Wani lokacin girma da haka yake farawa."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ce masa kamfaninmu ya ce kowa ya kai iyayensa a auna musu jini, ya shirya muka tafi. Likita ya auna shi, ya yi masa 'yan tambayoyi, ranar mece ce yau, ina yake zaune, wa ya kawo shi. Baba ya amsa duka, har ya gyara wa likitan sunan ƙauyenmu. Aka ce lafiyarsa ƙalau. A hanyar dawowa, muna matse a bayan A Daidaita Sahu, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "To, ka gama auna ni?"

Kunya ta kama ni. Da muka sauka na bi shi har gona, na ce tunda abin ya kai haka gara in tambaya kai tsaye.

Na ce, "Baba, don Allah ku fahimtar da ni. Me kuke jira?"

Ya ce, "Su kai."

"Su kai ina? Manyan sun fara cinye ƙananan, ku da kanku kuka faɗa wa Baffa."

"Na gani."

"To yaya za ku gane sun kai?"

Ya dubi ruwan. Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Idan na gani zan gane."

Ba cikin fushi ya faɗa ba, ba kuma cikin wasa ba. Da a ce ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi, don na san yadda ake yi da tsawa. Na koma Zawaciki kaina ya fi kullum ɗaurewa. Da abincin kanti ya fi ƙarfinmu, sai Baba ya koma karɓo hanjin kaji wajen masu fiɗa a kasuwa, ya dafa da dusa a wata tsohuwar tukunya a gefen gona, ya toshe hanci da rawani yana juyawa.

Ana cikin haka marka ta kama. Ranar da abin ya faru ina aikin safe. Ruwa ya fara tun muna shiga, ya yi ta zuba a kan kwanon kamfanin har ba ma jin ƙarar injuna. Ba a shiga wurin aiki da waya, sai da muka fito hutun azahar na ga Inna ta kira ni ya fi a ƙirga. Na kira ta. Ta ce, "Ka zo. Kifin babanka ya fita."

Ban gane ba. Na ce ya fita ina? Ta ce in dai zo.

Ruwa ya cinye hanya, mai A Daidaita Sahu ya sauke mu tun kafin mu kai, na naɗe wando na ƙarasa a ƙafa. Kafin in isa ruwan sama ya tsagaita. Da na hau tudun gonar Baffa na hango fadama, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ruwa ya shafe komai, ya fara ja da baya, ya bar gonaki cikin taɓo. Rabin garinmu yana ciki. Maza da mata, da kwanduna da bokitai da gidan sauro, wasu da hannu kawai, suna bin kunyoyin masara a sunkuye. Tarwaɗa ko'ina. Kifi ne mai jan ciki a ƙasa idan akwai laima, sai ka ga ƙato kamar damtsen mutum yana murɗawa tsakanin karare, mutum uku suna binsa suna zamewa. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ya rungume ɗaya a ƙirji kamar jariri. Da muka haɗa ido sai ya rasa yadda zai yi, ya ce mini, "An zo lafiya?"

Baffa yana tsaye a tsakiyar taɓo, muryarsa ta dushe, yana ce wa mutane su ji tsoron Allah, dukiyar ɗan'uwansa ce. Can gefen ramin kuma, inda gaɓar ta ɓalle, Baba ne tsaye da buhu a ka. Na nufe shi ina shirya kalmomin jaje. Kafin in ƙarasa na ji yana ce wa wata mata, "Ga wani can a gindin darbejiya, ki bi ta bayansa. Ki kula da ƙayarsa."

Na tsaya a tsakaninsu, wa yana nuna wa mutane kifi, ƙane yana korar su. Ban san wanda zan taya ba. Wani kifi ya bugi ƙafata na kama shi, na tsaya riƙe da shi yana fizga, ban san ko in mayar da shi ramin da ba shi da gaɓa ba ko in miƙa wa wani.

Bayan la'asar Baffa ya kai magana wurin mai unguwa, aka sa aka yi shela cewa duk wanda ya kama kifi ya kai ƙofar gidanmu. Mutanenmu ba su ƙi ba. Kafin magariba ƙofar gidan ta cika da bahuna da kwanduna, mai unguwa da kansa ya zo ya tsaya. Baba ya fito ya leƙa baho na farko. A ciki akwai karfasa guda biyu a kan tarwaɗar.

Ya ce, "Ni ban zuba karfasa ba. Wannan ba nawa ba ne."

Mai unguwa ya ce, "To Malam, a cire karfasar. Kogi ne ya yi ambaliya ya kawo ta. Tarwaɗar fa?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, kogi ma yana da tarwaɗa. Ta yaya zan rantse wannan tawa ce, waccan ta kogi ce? Ba zan ci abin da ban tabbatar ba."

Baffa ya ce, "Yaya, wace tarwaɗar kogi ce take da wannan ƙibar? Ai kowa ya san naka ne."

Baba ya ce, "Kowa ya sani, ni ban sani ba."

Aka yi cirko-cirko. Mutane suna riƙe da bahuna, an ce su kawo sun kawo, mai abu ya ce ba nasa ba ne. Mai unguwa ya gyara hula ya sake gyarawa, ya ce shi dai bai taɓa cin karo da irin wannan shari'a ba. A ƙarshe wata tsohuwa ta ce hannunta ya gaji, ta juye nata a daron Inna ta tafi. Wasu suka yi yadda ta yi. Wasu suka juya da nasu a hankali, ba wanda ya ce musu komai. Wani ya ajiye rabi ya tafi da rabi.

Inna ce ta raba gardamar. Ta kira maƙwabtanta mata, suka haɗa murhu a tsakar gida, aka yi ta gyarawa ana ƙyafewa. Washegari duk lungun da ka bi a garin ƙamshin kifi yake yi. Baba ya ɗauki tuwonsa da miyar kuka ya fita zaure, ya ce ƙarni ya hana shi sakat.

Da ruwa ya janye aka duba ramin, sai ga wasu manya sun rage a ƙasan taɓon, waɗanda ba su bi ruwa ba. Ban kai ga yin magana ba Baba ya ce wa Baffa ya kira Hajiya mai banda. Ta zo tana ɗari-ɗari. Ta ce sun yi mata girma, amma za ta ɗauka ta kai wa masu gidan abinci. Abin da ta faɗa shi ya karɓa, bai ƙara ko kalma ba, ya taya ta ɗora bahuna.

A ranar ne, muna komawa gida, Baffa ya riƙe hannuna muka ja baya. Ya ce akwai abin da yake damunsa. Ya ce ranar ruwan, da ya ji abin ya yi yawa, ya fito ya duba injinsa kada ruwa ya tafi da shi. Daga tudu ya hango Baba a bakin ramin da shebur, daidai wurin da gaɓar ta ɓalle daga baya.

Na ce, "Ai tare ruwan yake yi."

Baffa ya ce, "Haka na ce wa kaina. Amma ruwa yana dukan idona, ban ga ko zuba ƙasa yake yi ko ɗebewa ba. Wallahi ban sani ba."

Na koma ni kaɗai na duba wurin. Ruwa ya riga ya cinye bakin, ya yi sumul, ba alamar shebur ba alamar komai. Ga shi gaɓar gonar maƙwabcinmu ma ta ɓalle a ranar, kuma ba wanda ya taɓa ta. Na yi niyyar tambayar Baba sau da yawa. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ji tambayar ta yi mini nauyi, don ban san amsar da nake so in ji ba. Sau ɗaya dai na gaya masa fassarar Inna, cewa tsoron zaman gida ne ya hana shi sayarwa. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ta ce?" Bai ce e ba bai ce a'a ba.

Bayan damina muka cika buhuna da yashi muka ɗaga gaɓar ta fi da tsawo. Baba ya sake zuba wasu 'ya'yan kifin. Waɗannan kuma tun suna ƙanana ya kira Hajiya, har ita da kanta ta roƙe shi ya bar su su ƙara ko da wata guda ne, ya ce a'a, a kwashe. Daga zubi na uku ya daidaita, yana sayarwa a lokacin da kowa yake sayarwa, kamar ba shi ba.

A garinmu har yau ana ba da labarin ranar. Wasu suna cewa sadaka ya yi ta hanyar da ba za a gode masa ba. Wasu suna cewa asara ce ta same shi ya daure. Mai ƙyanƙyasar kifin yana kafa misali da shi ga sababbin masu kiwo, yana cewa ga abin da jinkiri yake jawowa. Baffa ya daina ba da nasa labarin, ya ce da ya ƙara tunani ma bai tabbata shebur ne a hannun Baba ba, wataƙila sanda ce.

Bara kamfaninmu ya rage mana ranakun aiki saboda matsalar wuta. Da na faɗa wa Baba, sai ya tashi ya kai ni gefen raminsa, ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, ya ce nan laka ta fi kyau, idan ina so in haƙa nawa. Na ce zan yi shawara da mai ɗakina. Ya ce babu gaggawa, amma in zan zo in taho da sabuwar ƙota, ta digar ta tsage.